Shekara 6 ba haihuwa, likita ya ce sai na rage ƙiba kafin ya ba ni magani

Admin (saƙon wata 'yar uwa ce, ta ce a ɓoye sunanta):
Assalamu alaikum 'yan uwa dan Allah shawara nake nema. Shekarata 31, aurena shekara 6 ke nan ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Al'adata tun ina budurwa ba ta da tsari, sai in yi wata uku wani lokacin har huɗu ban gani ba, in ta zo kuma ta yi ta zuba kwana goma. Ga gashi yana fito min a haɓa ga ƙuraje, wuyana ya yi baƙi kamar datti alhali ba irin sabulun da ban sa ba. Maganin sanyi kuwa na asibiti da na gargajiya na sha har na daina ƙirgawa. Watan jiya na je wajen likitan mata ya yi min sikanin da gwajin jini ya ce PCOS ne, wato matsalar ma'ajiyar ƙwai da ke hana ƙwai fita kan lokaci, ya ɗora ni a sikeli kilo 96, ya ce in je in rage kilo 10 in dawo bayan wata shida sannan mu yi maganar maganin ƙwai. Wallahi da kuka na fito daga ofishinsa. Maigidana kuma ba a taɓa gwada shi ba, duk sanda na ɗauko maganar sai ya ce shi lafiyarsa ƙalau, a gidansu har an fara zancen ƙarin aure. Dan Allah ƙiba tana hana haihuwa da gaske ko dai sallamata kawai likitan ya yi?

Hajiya Laure:
Wa alaikumussalam 'yata, Allah ya share miki hawaye. Ni dai ban yarda ƙiba na hana haihuwa ba, mahaifiyarmu Allah ya jiƙanta ƙofar ɗaki sai ta karkace take shiga amma mu 11 ta haifa. Haihuwa lokaci ce, ki riƙe addu'ar Annabi Zakariyya ki daina sa damuwa a ranki

Maman Ilham:
Amin Hajiya. 'Yar uwa kin tabbata sanyin ya fita kuwa? Don shi sanyi in ya yi yawa shi ke cinye ƙwai

Sista Rabi ungozoma:
Maman Ilham dan Allah mu rage ɗora wa sanyi komai, baiwar Allah nan shekara shida tana shan maganin sanyi fa, da shi ne da tuni an wuce wajen. Abin da ta lissafo, al'ada mai tsallake, gashin haɓa, ƙuraje, baƙin wuya, duk wanda ya yi aiki a asibitin mata ya san hoton PCOS ne wannan. Kuma ba ita kaɗai ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsakanin kashi 6 zuwa 13 cikin ɗari na matan da ke shekarun haihuwa suna da shi, kuma har kusan kashi 70 daga cikinsu ba su ma san suna da shi ba. A wajenmu ina jin abin ya fi haka don yarinya za ta yi wata huɗu ba al'ada uwarta ta ce in ta yi aure zai daidaita

Dakta Bilkisu:
Salam. Bari in ɗan yi bayani don mu san a kan me muke magana, ku yi haƙuri zai yi tsawo.

Duk wata ƙwayaye da dama ke fara girma a ma'ajiyar ƙwan mace, ɗaya ya nuna ya fita, in bai haɗu da maniyyi ba bayan kamar sati biyu al'ada ta zo. Mai PCOS ƙwayayen suna fara girma sai su tsaya a hanya babu wanda ya nuna, su ne ake gani a sikanin sun jeru ƙanana ƙanana, ba ƙari ba ne ba kuma kansa ba ce kar kowa ya tsorata. Tunda ƙwai bai fita ba al'ada ba za ta zo kan lokaci ba, ciki ma ba zai shiga ba. Abin da ke tsayar da su kuwa a mata da yawa, jikinsu ba ya jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, yadda ya kamata sai jikin ya yi ta ƙara zubo shi, shi kuma insulin in ya yi yawa yana sa ma'ajiyar ƙwai ta riƙa samar da homon ɗin maza fiye da ƙima, daga nan gashin haɓa da ƙurajen suke. Baƙin wuyan nan ma ba datti ba ne ƙanwata, alamar yawan insulin ce, ki daina dirza.

Hajiya Laure gaskiyarki, ba kowace mai jiki ce ke rasa haihuwa ba, kuma akwai sirara masu PCOS da yawa ina ganinsu. Mama Allah ya jiƙanta ƙwanta na fita duk wata shi ya sa. Amma wadda dama tana da wannan matsalar ƙiba tana ƙara mata, saboda kitse musamman na tumbi yana ƙara wa jiki ƙin jin insulin. Shi ya sa rage ko da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi yake dawo wa wasu da al'adarsu ba tare da magani ba, a wajenki kilo 5 zuwa 10 ke nan. To likitan ba daga kansa ya ƙirƙiro maganar ba.

Abu ɗaya da nake so ki kula da shi yanzu yanzu, kar ki riƙa barin al'ada ta haura wata uku ba ta zo ba, bangon mahaifa yana kauri in an daɗe a haka kuma yana iya zama matsala gaba, akwai maganin da ake bayarwa ta zo.

Fa'iza Zariya:
Dakta da girmamawa amma ni abin da likitan nan ya yi bai kwanta min ba. Ina karatun kiwon lafiyar al'umma kuma mun tattauna wani bincike da aka yi a ƙasar Holan aka buga a 2016, mata 577 masu ƙiba da ke neman haihuwa aka raba biyu, rabi aka ce su yi wata shida suna rage ƙiba kafin a fara musu magani, rabi aka fara musu nan take. Bayan shekara biyu waɗanda aka jinkirta wa kashi 27 ne suka haifi lafiyayyen jariri da kansu a kan lokaci, waɗanda aka fara wa nan take kashi 35. Wato jiran bai ƙara musu komai ba sai ma ya rage. Kuma su fa da masu kula da su ana bibiyarsu ana tsara musu abinci, duk da haka kilo 4 da ɗan wani abu suka rage a matsakaici, wajen ɗaya cikin biyar ma suka bar shirin a hanya. To ita wannan baiwar Allah an ce mata je ki rage kilo 10 kawai, ba wanda ya gaya mata me za ta ci me za ta bari, ga dangin miji a kanta, ta ina za ta fara?

Maman Ilham:
Tabɗi, ashe ma ba dole ba ne

Dakta Bilkisu:
Fa'iza na san binciken kuma lambobin da kika kawo daidai ne, har ma an sake yin makamancinsa a Amurka aka buga a 2022 a kan mata masu ƙiba da ba a gano dalilin rashin haihuwarsu ba, sun rage nauyi sosai lafiyarsu ta gyaru amma yawan haihuwar bai ƙaru ba. Wannan ya sa da yawa daga cikinmu muka sassauta, da can muna faɗin rage ƙiba kamar shi ne mabuɗi. Sai dai ki ƙarasa karanta na Holan ɗin, a cikin waɗanda aka sa a shirin rage ƙibar kashi 26 sun samu ciki da kansu ba magani ba komai, a ɗaya ɓangaren kashi 16. A ƙasar da mutum ke biyan kuɗin kowane sikanin da kowace allura daga aljihunsa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ni yadda nake yi, ina duba shekaru. 'Yar shekara 23 wata shida ba zai rage ta da komai ba. Wadda ta haura 35 ba zan ce ta jira ba don ƙwai yana raguwa da shekaru kuma ba ya dawowa. Ita 31 ce, shekara 6 tana jira, da ni ce zan haɗa biyun ne, a fara gyaran abinci da tafiya yau, a cikin wata biyu ko uku ɗin nan a gama sauran gwaje-gwajen da ba a yi ba, sannan a fara magani ko kilo 10 ɗin bai cika ba. Ban duba ta ba don haka ba zan ce abokin aikina ya yi kuskure ba, wataƙila ya ga suga ko hawan jini da yake so a fara daidaitawa. Amma tana da haƙƙin ta koma ta tambaye shi dalili.

Abu Hafsat:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena, ni namiji ne ku yi min afuwa zan sa baki, aikina a ɗakin gwaje-gwaje ne shekara 12. Duk maganar nan da ake yi an tsallake layi ɗaya a saƙonta, ta ce ba a taɓa gwada maigida ba. Wallahi wannan ya fi kilo 10 ɗin damuna. A ce an ba ta maganin ƙwai wata shida ƙwai yana fita lafiya lau, ashe can ɓangaren babu abin da zai same shi, an yi asarar kuɗi da lokaci kuma ita za a ci gaba da zagi. A kusan rabin ma'auratan da ke fama da rashin haihuwa akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar. Kuma lafiyata ƙalau da maza ke faɗa suna nufin suna iya biyan buƙatar aure ne, wannan daban ƙwayoyin haihuwa daban, na sha ganin ƙato majiyi ƙarfi a duba a ga babu ko ɗaya a cikin ruwan. Hangum in ya kama namiji bayan ya balaga ya sauka a maraina, kumburin jijiyoyin maraina, ciwon sanyin da ba a yi magani da kyau ba, sigari, ƙiba ita ma tana rage na maza ba mata kaɗai ba. Sai kuma allurar testosteron, wato homon ɗin maza, da samari ke yi don ƙarfi ko don ƙwanji, wannan ita rage samar da ƙwayoyin maniyyi take yi sosai, a wasu har ta tsayar da shi gaba ɗaya, mutum yana ganin gyara yake.

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, ana so a samu aƙalla ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita, kashi 42 cikin ɗari suna motsi. Gwajin ba allura ba yanka, kuma yana cikin mafi arha a duk gwaje-gwajen haihuwa

Hajiya Laure:
Malam Abu Hafsat ka faɗi gaskiya ɗana. Akwai ƙanin maigidanmu mata uku ya aura ya saki a kan haihuwa, dukkansu sun je sun haihu a wani gidan, har ya rasu ba wanda ya iya buɗe baki ya gaya masa. Ayar ma da ta ce Allah yana sanya wanda ya so bakarare ba ta ware mace ba

Hadiza Maraɗi:
Nan wajenmu ma haka ne, mace ce kullum ke tahiya likita ita ɗaya. Ni lokotoron da ya duba ni ya ce ba ya taɓa ni sai mijina ya zo, ranar na ji haushi amma daga baya na gode mishi. Dakta ina tambaya, wane magani ne ake ba masu PCOS ɗin, Clomid ne, maganin sa ƙwai ya fita? Don nan mata na saye a famasi su sha da kansu

Dakta Bilkisu:
Hadiza dan Allah ki gaya musu su daina. Clomid ba ya buɗe hanyar da ta toshe, ba ya gyara maniyyi, wadda ƙwanta ke fita dama ba abin da zai ƙara mata sai haɗarin kumburin ma'ajiyar ƙwai da 'yan biyu 'yan uku da ba a shirya musu ba. Kuma yanzu ma ba shi ne na farko ba ga mai PCOS. A 2014 an buga wani babban bincike na Amurka, mata 750 masu PCOS, rabi Clomid rabi letrozol har zagaye biyar, masu letrozol kashi 27.5 suka haihu masu Clomid kashi 19.1, kuma bambancin ya fi fitowa a masu ƙiba. Shi ya sa ƙa'idar duniya ta kula da PCOS ta 2018 da aka sabunta a 2023 ta sa letrozol a gaba. In kun karanta takardar cikin kwalin za ku ga an rubuta maganin kansar mama, kar ku firgita asalinsa ke nan, kwana biyar kawai ake sha a farkon al'ada kuma likita ne zai bibiya da sikanin.

Maman Ilham ke ma ba a banza kika kawo sanyi ba, tun 1985 binciken Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna toshewar bututun ƙwai sakamakon ƙwayoyin cuta ya fi yawa a matan Afirka nesa ba kusa ba in aka kwatanta da na Turai. Cutar da ake ɗauka ta saduwa, haihuwa ko ɓari a wuri mara tsafta, har tsargiya a garuruwan bakin ruwa. Amma ba a gane toshewa da ƙaiƙayi ko farin ruwa, hoton mahaifa ake yi wanda ake zuba ruwa a ga ko ya wuce, kuma in ta riga ta toshe ko buhu guda na maganin sanyi aka sha ba zai buɗe ba. Mai saƙo ke ma ya kamata a yi miki wannan hoton

Maman Walid:
Ni ta wani ɓangaren zan zo, don na bi hanyar nan har ƙarshe. Ina da PCOS shekara 4 na yi kafin na samu ciki, da cikin ya shiga murna ta sa na manta da duk wata maganar abinci, kowa ci ki ci ke da ɗa ne, lemon kwalba kullum sai na sha biyu saboda shi kaɗai ke kwantar min da tashin zuciya. Awo ina zuwa amma ba a taɓa min gwajin suga na shan ruwan zaƙin nan ba sai fitsari kawai, sai a wata na takwas aka ga yaro ya yi girma da yawa aka duba ashe sugan ciki ne. Kilo 4.6 aka ciro shi da tiyata, ranar suna kowa masha Allah jaririn gidan hutu. Yanzu shekararsa 9 kilo 51, in ya hau bene sai ya tsaya yana haki, wuyansa ya fara irin baƙin da mai saƙo ta faɗa, 'yan ajinsu sun sa masa suna har ya ce ba zai ƙara zuwa Islamiyya ba. Wallahi ina kallonsa ina jin kamar ni na ja masa. Don haka 'yar uwa ko ba don samun cikin ba, ki rage don abin da za ki haifa

Sista Rabi ungozoma:
Maman Walid kar ki ɗora wa kanki, gwajin da ya kamata a yi miki ne ba a yi ba. Tsakanin sati 24 zuwa 28 ake yinsa, a zo da azumi a ɗebi jini a ba ki ruwan gulukos giram 75 a sake ɗiba bayan awa ɗaya da awa biyu, mai PCOS ko mai ƙiba ko wadda ta taɓa haifar jariri kilo 4 zuwa sama ma tun farkon ciki ya kamata a duba ta. Mata ku riƙa tambaya da bakinku a wajen awo, layi yana da tsawo ma'aikata kaɗan ne ana mantawa

Hajiya Laure:
To ni nan ne ban gane ba. Yaro ya yi ɓulɓul kuma ya zama abin damuwa? Mu da muka ga yaran da tamowa ta cinye, ko yanzu ku je ƙauyukanmu ku gani. Ƙibar yaro ai zubewa take in ya fara tsayi

Malama Zulai:
Hajiya kin riga ni. Ni malamar firamare ce a ƙauye, yaran ajina rabinsu ba sa karyawa suke zuwa, maganar ƙibar yara wlh jinta nake kamar matsalar Turawa da 'ya'yan masu kuɗin Abuja

Fa'iza Zariya:
Malama ba wanda zai musa miki, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma ma fiye da rabi ne, masu ƙiba a wannan shekarun kashi 2 ne kacal. Amma shi wannan binciken dai ya nuna kashi 28 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima. Gida ɗaya za ki shiga uwa da ƙiba yaro a tsumbure, saboda abincin da kuɗinsu ke iya saye duk sitaci ne da mai da suga, yana cika ciki ba ya gina jiki. A duniya kuwa ƙibar yara 'yan 5 zuwa 19 ta tashi daga kashi 2 a 1990 zuwa kashi 8 a 2022, yara wajen miliyan 160, kuma ba a Turai ta fi gudu ba yanzu.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma, yunwar da ƙibar ba abokan gaba ba ne. A ƙarshen yaƙin duniya na biyu, hunturun 1944 zuwa 1945, an yi yunwa mai tsanani a yammacin Holan, daga baya masu bincike suka duba samari wajen 300,000 da suka zo shiga soja suna shekara 19, sai aka ga waɗanda yunwar ta samu iyayensu mata a farkon cikinsu sun fi sauran ƙiba. Jikin da ya fara rayuwa cikin rashi yana koyon ɓoye duk abin da ya samu. To yaran ajinki Malama, ranar da suka shigo birni suka samu taliyar leda da lemon kwalba kullum, su ne a sahun gaba wajen suga da hawan jini

Malama Zulai:
Wannan kam ban taɓa ji ba. Amma dai har yanzu in aka ba ni zaɓi abinci zan fara nema musu

Fa'iza Zariya:
Ni ma haka Malama, sai dai a ce wane iri

Dakta Bilkisu:
Hajiya ta ce ƙibar yaro zubewa take, na jariri mai shan nono zalla sau da yawa haka ne, in ya fara rarrafe da tafiya sai ya saɓe, wannan ba ya damuna ko kaɗan kuma kar wata ta rage wa jariri nono don ya yi kumatu. Amma ɗan shekara 9 daban ne, da aka haɗa bincike da yawa an ga fiye da rabin yara masu ƙiba suna shiga balaga da ita, waɗanda suka balaga da ita kuma kusan kashi 80 suna girma da ita.

Abin da ya faru da Maman Walid kuwa an yi nazarinsa sosai. Sugan uwa yana ratsa mabiyiya ya je wa jariri, insulin ɗinta ba ya ratsawa, sai jaririn ya yi ta ƙera nasa don ya sarrafa sugan ya mayar da shi kitse, shi ne girman da ake gani. Akwai wani babban bincike da ake kira HAPO da ya bi mata masu ciki sama da 23,000 a ƙasashe 9, bayan shekara 10 zuwa 14 aka koma aka auna yara kusan 4,800 daga ciki, waɗanda iyayensu suka yi sugan ciki kashi 19 na da ƙiba, sauran kashi 10. Wani ɓangare na bambancin daga ƙibar uwar ne da gado da irin tukunyar gidan, amma ko an cire wannan saura yana nan. In mace ce kuma abin yana iya zagayowa, ƙiba tana sa yarinya ta balaga da wuri, kuma a Suwidin an ga 'ya'ya mata na masu PCOS sun ninka sauran sau biyar wajen samunsa. Ku lura dai kashi 19 aka ce, wato 81 ba su yi ƙibar ba, ba hukunci ba ne da aka yanke wa yaro.

Maman Walid ki kai shi likitan yara a duba suga da hawan jini saboda baƙin wuyan nan. Kar a sa shi azumin dole kar a ware masa kwano shi kaɗai, gidan gaba ɗaya za a canza, lemon kwalba da na kwali su fita daga firij, roba ɗaya ta rabin lita sugan cikinta ya haura ƙaramin cokali 10, zoɓo da kunun aya ma in an cika musu suga duk ɗaya ne. A bar shi ya fita ƙwallo awa guda kullum. A shekarunsa ko nauyin ya tsaya wuri ɗaya yana ƙara tsayi an ci nasara

Maman Walid:
Na gode Dakta. Matsalata kakarsa ce, in na hana sai ta kira shi ɗakinta ta ba shi a ɓoye tana cewa ina yi wa jikanta rowa

Hajiya Laure:
Ki tafi da ita asibitin ranar da za ku je ta ji daga bakin likita, mu tsofaffi ba ma jin maganar surukai amma muna jin ta likita. Ni ma yau na ji abin da ban sani ba, jikata akwai irin wannan baƙin wuyan ina ta sa a dirje mata da soso

Hadiza Maraɗi:
Wani abu kuma da ba a taɓo ba, 'yan mata da amare masu shan maganin ƙiba don su yi ƙugu, sha ka fashe. Ƙawata ta sha wata shida kafin bikinta al'adarta ta rikice har yau

Sista Rabi ungozoma:
Yawwa Hadiza. Yawancinsu deksametason, wani maganin kumburi mai ƙarfi, ne a ciki ko maganin buɗe ciki, wani lokacin a haɗa a zuba a kwalba a ce na gargajiya ne. Deksa ba ƙibar lafiya yake sawa ba, fuska ta kumbura tumbi ya fito ƙafa ta sirance, suga ya hau jini ya hau al'ada ta rikice. Kuma wadda ta daɗe tana sha kar ta yanke rana ɗaya yana da haɗari, a asibiti ake rage shi a hankali. Har jarirai na ga ana ɗura wa irin wannan wai don su yi kumari, in kun ga mai yi ku hana ta don Allah

Admin (mai saƙo ta dawo):
Na karanta duka har sau biyu, Allah ya saka wa kowa da alheri. Anti Hadiza maganarki ta taɓa ni don ni ma na sha irin maganin nan kafin aurena kusan wata huɗu, ban taɓa gaya wa likitan ba don ban ɗauka yana da alaƙa ba, zan gaya masa. Na duba takarduna kuma Dakta gaskiyarki akwai gwajin suga da ya ja wa layi da jan biro bai min bayani ba ni ma ban tambaya ba. Jiya da dare na tura wa maigida abin da Malam Abu Hafsat ya rubuta ban ce komai ba, bai amsa ba har muka kwanta, sai da asuba bayan ya dawo masallaci ya ce zai yi amma ba a garin nan ba kuma kar Hajiyarsu ta ji. Malam akwai wani shiri da ake yi kafin a je?

Abu Hafsat:
Alhamdulillah, ki ce masa na gaishe shi. Ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 kafin ranar, kar ya gaza kar ya wuce. Ya fi kyau ya bayar a can wajen gwajin a cikin robar da za su ba shi, in kuma a masauki zai yi to ya kai cikin awa ɗaya, ya sa a aljihun da ke jikinsa kar ya shiga firij kar rana ta buge shi. In ya yi zazzaɓi mai zafi a 'yan watannin nan ya faɗa musu don yana rage adadin na ɗan lokaci. Kuma in sakamakon farko bai yi kyau ba kar hankalinku ya tashi, maniyyi kusan wata biyu da rabi yake ɗauka kafin sabo ya nuna, sai an maimaita bayan wata uku ake yanke magana

Dakta Bilkisu:
Ki fara shan folik asid, ƙwayar bitamin da ake ba masu ciki, tun yanzu kafin cikin ya shiga. Ranar da za ki koma ki tafi da takardar sugan nan da sakamakonsa shi ma, ku shiga tare in ya yarda